Mai Bin Farar Riga

Shekarar da kuɗin Udoji suka shigo Kankara, duk mai karɓar albashi sai da ya sayi wani abu mai ƙara. Wani rediyo, wani babur, wani har mota. Malam Gide, masinja a wani ofishin gwamnati a cikin gari, shi ma ya sayi babur, ja, sabo dal. Sai dai ba shi ke hawa ba. Ɗansa na fari, Rabo, mai shagon kaset da batir a bakin tasha, shi ke hawa. Malam Gide yana nan a kan tsohon kekensa, kullum safiya daga ƙauyensu da ke hanyar 'Yargoje zuwa Kankara, kuma idonsa na mutuwa.

Yanar ido ce ta kama shi, duka biyun. Bai faɗa wa kowa ba, don ya san ranar da ofis suka ji, ranar za su sallame shi. Shi ya sa ma ya sayi babur ɗin, don yaron ya riƙa kai shi aiki yana dawo da shi, tun da hanyarsu ɗaya. Amma bai faɗa wa yaron baki da baki ba. A gidansu uba ba ya magana da ɗan fari, ba ya kiran sunansa, in sun haɗu a zaure kowa sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Sai ya aiki amininsa Malam Mani, ya ce a ce wa yaron gwiwa ce ke damunsa. Rabo ya ce to, ya karɓi makulli, maganar ta mutu a nan.

Daga gida zuwa bakin gari Malam Gide ba ya jin tsoro sosai. Ƙafarsa ta san hanya, ya san inda rami yake, ya san kwalbati, in ya ji tifa ta taso sai ya gangara gefe ya sa ƙafa ƙasa har ta wuce. Bakin gari ne masifar. Kankarar da ya sani ta jakuna da raƙuma ta tafi. Masu aikin titi sun zubo tifofi, akori-kura na shigowa daga Faskari da Sabuwa da buhunan masara har sama, ga tasi-tasi, ga samarin da suka koyi babur jiya yau suna ganin su ne da titi. Ƙari a kan haka, ba a daɗe da mai da tuƙi hannun dama ba, shi kuwa a hannun hagu ya tsufa. In ya firgita, hannunsa hagu yake ja.

Sai ya ƙirƙiro dabara. Abin da ya rage masa a ido shi ne fari, farar riga yana ganinta kamar hayaƙi mai tafiya. A bakin gari akwai wata bishiyar bedi, wato dalbejiya, inda wata bazawara, Mairo, ke tuyar ƙosai. Nan yake sauka ya riƙe keke ya jira. In ya hango farar riga a kan keke ta nufi cikin gari, sai ya hau ya bi bayanta, inda ta kauce ya kauce, inda ta tsaya ya tsaya, har ya kai kwanar ofis. Wani lokaci jiran ya yi tsawo, don ba kowa ke sa fari ba. Dole ya riƙa fita da sassafe, da yamma kuma ya turo keken da ƙafa har ya fita gari, ya iso gida bayan magariba.

Rabo ya san wannan duka. Kullum sai ya wuce uban a hanya. Ya gan shi a ƙarƙashin bedi yana zare ido a titi, ya gan shi manne da bayan baƙon da bai sani ba, ya gan shi ranar da kan keken ya bugi buhun wani ɗan dako aka zazzage shi tas. Ya gani, ya murɗa babur ya wuce.

Matar Malam Gide, Saudatu, ita ba ta ga komai ba sai fitar sassafe da dawowar dare. Wata yamma ya shigo da wandon kakinsa a yage a gwiwa, ta tare shi tun kafin ya jingine keke.

"Malam, wai ohishin nan naku yanzu tun da duku-duku ake buɗe shi?"

"Aiki ya yi yawa."

"Aikin ne ya yage maka wando?"

"Akuya ce ta gitta mani."

"Jiya akuya, shekaranjiya jaki. Dabbobin Kankara duk kai sunka sani."

Ya juya ya nemi buta. Ita kuwa ta bi bayansa da ido, zuciyarta na tafasa. Da safe, bayan ya fita, Rabo na tsugune a tsakar gida yana shan koko. Ita ma uwa ce, ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, sai ta juya wa tukunya ta yi magana yadda zai ji.

"Ni dai da na san mai zuwa gari kullum, da na tambaye shi inda mutumin ga ke tsayawa."

Rabo ya dubi bango. A nan ne ya kamata ya ce, tsohon nan ba ya gani. Kalma biyar ce, ba ta da nauyi. Sai ya kurɓi koko ya ce, "Ni ba ni sa ido ga manya. Ana dai ganin kekenshi wurin Mairo mai ƙosai, nan bakin gari. Kullum."

Bai yi ƙarya ba, kuma wannan ne abin haushin. Ya ɗauki gaskiya ya miƙa wa uwarsa ta wajen kaifi, ya goge baki ya tashi. Saudatu ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, ludayi a hannu, har wutar murhu ta mutu ba ta sani ba.

Mutum ɗaya a gidan ta gane abin da ke faruwa, Suwaibatu matar Rabo. Ita ke kai wa surukin abinci. Takan durƙusa daga nesa, ta kau da kai, ta tura kwano ta tashi, don suruka ba ta duban suruki. Amma gefen ido ba ya jin kunya. Ta ga yana lalube kafin ya taɓa kwano. Ta ga ya tsoma lomar tuwo a kwanon ruwa. Ranar da ta yi wanki ta shanya zane a kan turmi, ya shigo ya ce wa turmin sannu da aiki. Ta shige ɗaki ta toshe baki, ba dariya ba ce ta zo mata, kuka ne.

Ta sami mijin a zaure yana goge babur da tsumma, yana hura wa madubi iska.

"Baba ba shi gani," ta ce a hankali.

"Wa ya hwaɗa maki?"

"Ba a hwaɗa mani ba, gani na yi. Kai ma ka sani."

"To likita, mi kike so in yi?"

"Ka riƙa ɗaukar shi mana. Ba hanyarku guda ba?"

Rabo ya ajiye tsumma ya dube ta kamar ta zagi wani babba. "Ke kina da hankali kau? Ni ɗan hwari ne. Mutumin da ko sunana bai taɓa kira ba, shi za shi hau bayana shi riƙe mani ƙugu mu ratsa kasuwa? Ai kunya kashe shi za ta yi. Ni girmama shi nike yi, ke ba ki san girma ba."

"Ai don haka anka sayi babur ɗin."

"Anka saya, ina hawa, shi kenan." Ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Kuma ki kama bakinki. In maganar ido ta kai ohis, sallamar shi za su yi. Sa'an nan wa za shi ɗauki gidan ga? Ni, da shagon da bai tsaya da ƙahwarshi ba?"

Ga gaskiyar nan ta fito da kanta. Kunyar da Rabo ke faɗa ba ta hana shi karɓar makulli ba. Ba ta hana shi goya abokai zuwa kallon dambe a Faskari ba, ba ta hana shi ɗaure kwalayen batir a inda uban zai zauna ba. Sai wajen ɗaukar tsoho mai warin zufa da kaki ne kunya ke tashi. Yana son albashin ya ci gaba da shigowa gida, kuma ba ya son a gan shi a tasha da masinja a bayansa, abin da ke ciki kenan.

Suwaibatu ta gwada uwar miji. Ta same ta tana tankaɗe, ta durƙusa ta ce, "Inna, ni dai ina ganin kamar idon Baba ba shi da lahiya."

Saudatu ta tsayar da rariya. "Ke yaushe kinka ɗaga ido kinka dubi surukinki, har kinka ƙare mashi kallo?"

"Ba duba na yi ba, Inna."

"Makaho ne ke gane wurin mai ƙosai kullum ba shi ɓata? Ko shi ya aiko ki ki rufe mani ido? Mi ya ba ki?" Ta ci gaba da tankaɗe da ƙarfi, gari na tashi. "Tashi ki ba ni wuri. Gidan ga kowa da abin da shike ɓoye mani."

Daga nan Saudatu ta shiga yaƙi da fitar sassafe. Malam Gide ya tashi ya tarar da tayar baya a kwance. Ya sa famfo ya buga, ya fita a makare. Kashegari haka. Ya kai wa mai faci, aka tsoma tub a ruwa, ko kumfa ɗaya bai fito ba. Ya fara zargin yaran maƙwabta. Ya zargi wani masinja a ofis da suka taɓa samun saɓani, har ya je aka rubuta masa ya sha. Ya daina barin keken a zaure, ya riƙa shiga da shi ɗaki yana jingine shi kusa da shimfiɗa. Bai taɓa kawo matarsa a rai ba.

Da taya ta gagare ta, sai ta koma kan kaki. Ta jiƙa rigar da asuba ta shanya, ta ce ta ga datti ne, matar kirki ba ta barin miji ya fita da dauɗa. Ya zauna a bakin ƙofa yana taɓa rigar yana jiran rana. Kafin ya kai bakin gari titi ya cika, tifofi sun fara jigila, 'yan babur sun fito. A ofis babbansu ya kira shi ya ce, Malam Gide, da kai ne kan gaba wajen zuwa, yanzu me ya faru? Ya ce a yi haƙuri. Ya fito yana laluben bango, gabansa na faɗuwa kada a lura.

Ya rame. Abinci ba ya shiga. Ƙafafunsa duk tabo ne, na feda da na faɗuwa. Da yamma in ya iso gida sai ya zube a kan buzu. Saudatu ta dube shi ta ce a ranta, tunanin bazawara ne ke cin sa.

Bayan sallar Juma'a ya ja Malam Mani gefe. "Ka tuna ma yaron ga maganar da munka yi. Gwiwar nan ta matsa mani."

Malam Mani ya tafi har shago. Rabo ya tashi ya ba shi kujera, ya kashe kaset, ya aika aka kawo lemo mai sanyi.

"Baba Mani, ai ni a shirye nike tun ran da kunka hwaɗa. Babur ɗin ne ba shi son nauyi yanzu, bakanike ya ce in lallaɓa shi. Ga layin mai, wani lokaci tun da safe nike tahiya in kama wuri. Amma in Allah ya so, sati mai zuwa."

"Allah shi yi maka albarka," in ji Malam Mani. Ya shanye lemo ya koma ya ce wa amininsa yaron na da biyayya, ya ƙara haƙuri kaɗan. Sati mai zuwa ya zo, Rabo ya riƙa ficewa tun rigar uban na ɗiga.

Saudatu ba ta tsaya nan ba. Ta sami wata maƙwabciya, Talatu, mai kai daddawa kasuwa, ta ba ta saƙo zuwa ga mai ƙosai, kuma Talatu ba ta rage ko gishiri ba wajen isarwa. Da Malam Gide ya sauka a ƙarƙashin bedi washegari, sai ya ji an bar juya ƙosai.

"Malam," in ji Mairo, "don girman Allah ka bar tsayawa nan."

Ya juya wajen muryar. "Lahiya?"

"Ina lahiya, an aiko daga gidanka an ci mani mutunci gaban masu saye? Ni ban san ka ba, ba ka taɓa sayen ƙosaina ba, kullum ka zo ka tsaya mani a kai kana zare ido. Ni ma na daɗe ina tunanin mi kake nema. Ina da ɗiya, ba ni son a ɓata mani suna. Ka yi gaba."

Malam Gide ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Nan take ya gane tayar, ya gane kakin. Ya buɗe baki zai ce, baiwar Allah, ba ni gani ne, sai ya ji muryoyin masu saye kewaye da shi, kuma a cikinsu ba a rasa mai zuwa ofis. Ya ce, "Ki yi haƙuri," ya tura kekensa. Da ya koma gida bai ce wa matarsa komai ba. Ita kuma ta ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi.

Ranar kasuwa ta zo. Rigar ta daɗe ba ta bushe ba, don an tashi da hadari. Ya iso bakin gari hantsi ya yi, ya wuce bedi bai tsaya ba, ya nemi wurin tsayawa gaba kaɗan inda ake sauke buhuna. 'Yan dako suka yi ta bangaje shi. Tsoho matsa, tsoho ka toshe hanya. Ƙara ta ko'ina, oda, ihu, kukan shanu, bai san ina ne gabas ba. Yana tuna maganar babbansu a ofis, yana jin rana na hawa a ƙeyarsa.

Sai ga fari ya gifta a kan keke. Bai tsaya auna ko wane ne ba, ya taka feda ya bi. Ashe wani saurayi ne mai jini a jika, a kan sabon keke, yana sauri. Malam Gide ya yi ta bugun feda don kada farin ya ɓace masa. A mahaɗar tasha saurayin ya ga 'yar kafa tsakanin tifa da wata akori-kura, ya kurɗa ya fice. Malam Gide ya shiga bayansa, kafar ta rufe. Tifa ta danna oda a kan kunnensa, hannunsa ya ja hagu yadda ya saba tun yana saurayi, ya faɗa gaban akori-kurar.

Shagon Rabo na kallon wurin. Aka kira shi, ya fito da gudu yana salati, ya faɗi a kan uban yana kuka har mutane na riƙe shi. Direban akori-kurar shi ya sa tsohon a bayan mota a kan buhuna ya kai shi asibiti. Bai mutu ba. Ƙugu ya karye, da haƙarƙari. Bayan kwanaki aka dawo da shi gida aka kira mai ɗori. Ofis suka aiko da gaisuwa, suka ce sun sa wani ya riƙe wurin kafin ya warke, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi.

Aka kwantar da shi a zaure don masu zuwa dubiya. Keken na jingine a waje, tayar gaba ta nannaɗe. Mutane suna shiga suna fita, Rabo na bakin ƙofa yana amsa sannu, ido jawur. Daga cikin gida ana jin Saudatu tana gaya wa mata cewa asiri ne, mai ƙosai ce ta juya masa hankali har ya shiga gaban mota. Suwaibatu na bayan ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, da kwanon kunu a hannu, tana jiran maza su ragu.

Wani dattijo ya ce, "An ce likita ya duba ya ce yana ce ta ruhe mashi ido. Ashe Malam Gide da wannan kake hawan keke?"

Rabo ya girgiza kai. "Wallahi abin da ke ci mani rai kenan. Ga babur a gida. Da ya hwaɗa, ko ya aiko a hwaɗa mani ido ne, da kullum ni ke kai shi. Gwiwa anka ce mani. Ni ban sani ba."

"Kunya ce irin ta mutanen da," in ji dattijon. "Allah shi saka maka, yaro."

Zauren ya ɗauki amin. Malam Gide na kwance fuska sama, tun safe bai yi magana ba sai amsa sannu. Sai aka ji ya ce, "Mani."

"Ga ni, Gide."

"Matso." Malam Mani ya matsa. Muryar ba ta da ƙarfi, amma zauren ƙarami ne. "Ka hwaɗa ma yaron ga, ido ne ba ni da shi, kunnena lahiya lau. Ni na sayi babur ɗin, na san kukanshi cikin babura ɗari. Kullum shina wuce ni wajen kwalbati. In ya kawo kusa sai in ji ya sassauta, in ce yau za shi tsaya. Sai in ji ya ƙara wuta."

Malam Gide ya numfasa, don haƙarƙarin ba ya barinsa dogon zance.

"Ran da ɗan dako ya zage ni, shina nan bayana, na ji shi. Ka ce mashi ban yi hushi ba, ni na haihe shi. Ka ce mashi dai shi bar cewa bai sani ba."

Ya juyar da fuska wajen bango. Malam Mani bai isar da saƙon ba, ba bukata. Ya dubi Rabo kawai, irin kallon da ake wa abin da aka taka a hanya. Dattijon da ya sa albarka ya nemi takalmansa. Ɗaya bayan ɗaya masu dubiya suka tashi, kowa na cewa Allah ya ƙara sauƙi, ba wanda ya ba Rabo hannu. A cikin gida muryar Saudatu ta ɗauke, don zaure ba shi da nisa da tsakar gida. Ta ji duka, kuma ta san wanda ya fara ambata mata mai ƙosai.

Na so a ce daga ranar Rabo ya canza. Na so a ce ya durƙusa ya kama ƙafar uban, ko ya sayar da babur ya kai shi asibitin ido a Kano. Irin su Rabo ba haka suke ba, kuma akwai su a gidaje da yawa, suna lulluɓe da al'ada kamar bargo, in ta ba su ɗumi su ja ta, in ta yi nauyi su ture. Abin da ya dame shi ba ƙugun uban ba ne, kunnen uban ne.

Da safe Suwaibatu ta kawo kunu zaure, ta durƙusa daga nesa ta tura kwanon har ya taɓa hannun tsohon. Ta ga mijinta ya shigo a kan yatsun ƙafa. Ya kama babur ya sauke shi daga jak a hankali, ya tura shi waje ba tare da ya tayar ba. Ta leƙa ta gan shi yana turawa, ya wuce masallaci, ya wuce rijiya, yana gumi, har ya kai bakin titi. A can ya taka ya tayar da shi.

Ƙauye da safe shiru ne. Ƙarar ta iso zaure sarai. Malam Gide ya tsayar da ludayi a hanyar baki, ya saurara har ta ɓace wajen Kankara.

"Ya tahi?" ya tambaya. Wannan ne karo na farko da ya yi wa surukarsa magana.

"Ya tahi, Baba."

Ya ajiye ludayin a cikin kwano, bai ƙara sha ba.